Bututun birki: yadda ake gano inda ya lalace da yadda ake canza shi

Yawancin motocin da muke hawa a Damagaram sun yi shekaru a Turai kafin jirgin ruwa ya sauke su a Kwatano ko Lome. A can idan sanyi ya kama, gishiri ake watsawa a kan titi don ƙanƙara ta narke, gishirin kuwa ya maƙale a ƙarƙashin mota ya yi ta cin ƙarfe. Shi ya sa a garin da ruwan sama bai wuce wata uku zuwa huɗu ba a shekara, sai ka leƙa ƙarƙashin mota ka tarar bututun birki ya yi jajir da tsatsa. Da ita ta zo. Mu kuma muka ɗora mata namu: zafin bazara da ke haura digiri 40, rairayi, gargadar hanyoyin ƙauye, da lodin da ya fi ƙarfinta.

Birkin ƙaramar mota da mai yake aiki. Ka taka feda, masta, wato famfon da feda ke turawa, ta tura mai cikin siririn bututun ƙarfe da ya bi jikin shasi, daga nan ya shiga gajeren tiyon roba a kusa da kowace ƙafa, ya isa kalifa, wato ƙarfen da ke matse takalmin birki a jikin faifai, ko ƙaramar silindar da ke cikin gangar birki. An sa roba a ƙarshe ne saboda ƙafa tana hawa tana sauka, ta gaba kuma tana juyawa. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne ƙarfin matsin. Iskar tayar ƙaramar mota ba ta wuce bar 2 zuwa 2.5 ba, amma idan ka danne birki da gaske, matsin da ke cikin bututun nan yana iya kai bar 100. Duk gyaran da ba zai ɗauki wannan ba, bai gyaru ba, ko da ya riƙe a cikin gari.

Kafin ka sayi komai

Fara da ɗan tankin man birki da ke kan masta. Idan mai ya ɗan sauka a hankali cikin watanni, sau da yawa takalmin birki ne ya cinye, fistin ya ƙara fitowa, mai ya bi shi. Wannan ba yoyo ba ne. Amma idan ka cika yau, bayan mako ka ga ya koma ƙasa, akwai inda yake fita.

Tayar da inji, ka danne feda da matsakaicin ƙarfi, ka riƙe kamar rabin minti. Feda mai lafiya tana tsayawa wuri guda. Idan tana zamewa ƙasa a hankali, ko dai mai yana fita waje, ko kuma robobin cikin masta sun gaji, mai yana zagayawa a cikinta. Bambancinsu a tanki yake: idan mai bai ragu ba kuma ko'ina a bushe, masta ce, ka bar bututu ya huta. Akwai kuma yoyon da ba a gani, wanda masta ke zubarwa ta baya cikin baƙar tukunyar da take ɗaure a jikinta. Duba ƙasan inda suka haɗu. Idan fenti ya kumbura ko ya ɗaye a wurin, man birki ne ya ci shi.

Yanzu sai ƙarƙashin mota. Ramin gareji ya fi, in babu a ɗaga ta a tokare da ƙarfe ko katako mai kauri a kan ƙasa mai tauri. Jak kaɗai a kan rairayi ba abin da za ka sa kanka a ƙarƙashinsa ba ne, haka ma bulon siminti, fashewa yake ba sallama. Kada a wanke motar tukuna. Ƙurarmu tana taimako a nan: duk inda mai ke tsattsafowa, ƙura tana manne masa ta yi baƙin dunƙule mai danshi, alhali sauran bututun fari fat da busasshiyar ƙura. Bi bututun da tocila tun daga masta har ƙafafun baya. Wuraren da ya fi ruɓewa su ne ƙarƙashin maƙalan roba da ke riƙe shi, saman tankin fetur inda ido ba ya kaiwa, da lanƙwasar da ke kusa da ƙafafun baya. Ɓalle maƙalin ka duba abin da ya rufe. Tsatsar sama wadda buroshin ƙarfe ke gogewa a ga ƙarfe sumul ba ta kai a canza ba. Wadda ta tashi ɓawo-ɓawo, ko ta bar ƙananan ramuka, ko bututun ya kumbura a wurin, ta gama da shi. Kada ka tsaya jiran sai ya ɗiga.

A motocin da ke shiga daji, masu zuwa kasuwannin ƙauyen Mirya da Magarya ko masu bin hanyar Tanut zuwa Agadas, ba tsatsa kaɗai ba ce. Dutse yana lotsa bututu. Maƙali yana karyewa a gargada, bututun ya zauna yana gugar shasi har wurin ya yi ƙyalli ya siranta. Inda ka ga ƙarfe yana ƙyalli a ƙarƙashin motar da ta sha ƙura, wani abu ne ke gugarsa.

Tiyon roba kuma sai an lanƙwasa shi da hannu ake ganin gaskiyarsa. Lanƙwasa ka duba ko ya tsattsage, musamman kusa da ƙarfen da ke bakinsa. Sa wani ya danne feda kana kallo: idan wani wuri ya kumbura, zaren cikinsa ya tsinke. Juya sitiyari har ƙarshe dama da hagu ka ga ko yana taɓa taya.

Akwai cutar tiyo da ke ruɗa mutane, har a canza kalifa a banza. Robar cikinsa tana kumbura ko ta ɓare, mai ya wuce idan an taka, amma ya kasa dawowa idan an saki. Alamarta ƙafa ɗaya ta riƙa zafi, mota ta yi nauyi, tana ja gefe, wani lokaci har da ƙaurin takalmi. Gwajin ba wuya. Ɗaga ƙafar, ka taka birki sau uku ka saki, ka juya tayar da hannu. Idan ta ƙi, sassauta notin da ya haɗa bututun ƙarfe da tiyon. In ta saku, matsalar tana can sama, wajen masta. In ba ta saku ba, ɗaure, ka buɗe ɗan notin cire iska da ke jikin kalifa. Mai ya yi tsartuwa taya ta saku, tiyo ne. Ta ƙi sakuwa duk da haka, kalifar ce ta cije.

Abin da za ka saya, da abin da za ka ƙi

Bututun birkin yawancin ƙananan motoci kaurinsa milimita 4.75 ne, wasu manya 6.35. Na asali ƙarfe ne mai rufi biyu da aka shafe da abin hana tsatsa. Akwai kuma na haɗin jan ƙarfe da nikel, kashi 90 da kashi 10, wanda Volvo ta fara sa wa motocinta tun 1976. Ba ya tsatsa, yana lanƙwasuwa da hannu, in ka same shi ka saya. Launinsa bai kai jan ƙarfe zalla ja ba, ya ɗan yi fari-fari.

Wanda za ka ƙi shi ne bututun jan ƙarfe na masu gyaran firij da na'urar sanyaya ɗaki. Yana da araha, yana nan ko'ina, yana da daɗin aiki, shi ya sa ake sa shi. Amma jan ƙarfe zalla idan ya sha girgiza tauri yake yi, daga nan ya tsage, galibi a dab da noti. A hanya mai gargada wannan ba ya ɗaukar shekaru. Haka walda a kan bututun da ya huje, haka yanke ruɓaɓɓen wuri a cusa tiyon fetur a ɗaure da waya, haka mahaɗin masu aikin famfo mai zobe a ciki. Duk suna riƙewa a tsakar gareji, ranar da jaki ya faɗo maka titi ka danne da duk ƙarfinka, ranar suke saki.

Bututun da aka ciro daga wata mota fa? In dogon ne mai tsabta, ka goge shi ka duba tsawonsa duka ba rami, ana iya amfani da shi, kuma ya fi na firij nesa ba kusa ba. Amma tiyon roba na hannu, a ganina, asarar kuɗi ne. Shekarunsa ɗaya da wanda ka cire. Sayi sabo, ka duba rubutun jikinsa, masu kyau suna ɗauke da SAE J1401, lambar ingancin tiyon birki. Kuma a canza su biyu-biyu, dama da hagu.

Ka tafi kasuwa da tsohon a hannunka, ko a shagunan cikin gari za ka saya ko saƙo za ka ba masu zuwa Kano. Dalili shi ne bakin bututu iri biyu ne, kuma notinsu yana iya zama ɗaya. Motocin Japan, su Toyota da Nissan, yawanci bakin nasu a buɗe yake kamar mazurari, an ninka leɓen ciki. Na Turai, su Peugeot, Volkswagen, Opel da Mercedes, bakin a kumbure yake, mai tudu, bayansa a shafe. Dukansu sukan yi amfani da noti M10×1, don haka notin wannan zai shiga ramin wancan lafiya lau, ya ɗauru, amma bakin ba zai zauna ba. Wani lokaci ma ya riƙe na 'yan kwanaki. Leƙa cikin ramin da bututun ke shiga: in ka ga ɗan tsini a tsakiya, mai buɗaɗɗen baki yake so, in rami ne ya lotsa ciki, mai tudu yake so.

Kayan aiki kuwa, wanda ba a yi sai da shi shi ne kile na bututu, mai kama da zobe amma an tsaga gefe ɗaya don bututu ya wuce. Lamba 10 ga yawancin na Japan, 11 ga yawancin na Turai. Kile mai buɗaɗɗen baki gefe biyu kawai yake kamawa, notin birki kuwa mai laushi ne, nan da nan ya murje ya zama kewayayye. Sai abin yanka bututu mai ɗan faifai, na'urar yin leɓe (mai ninka bakin bututu), magagari, buroshin ƙarfe, man sassauta tsatsa, siririn tiyo mai gani-har-hanji da kwalba.

Man birki a duba murfin tanki, nau'insa a rubuce yake. DOT 3 sabo ba ya tafasa ƙasa da digiri 205, DOT 4 kuma 230. Amma dukansu suna shan danshin iska, kuma idan ruwa ya kai wajen kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari, na farko yana iya saukowa 140, na biyu 155. Mota mai lodi a watan Mayu tana iya kai kalifa wannan zafin, mai ya tafasa, feda ta tafi ƙasa ba tare da ko ɗigo ya zuba ba. Don haka sayi gwangwani a rufe, ba wanda aka ɗura a kwalba a bakin titi ba. DOT 4 yana shiga inda aka ce DOT 3. DOT 5 dabam ne, ba a haɗa shi da su. Koren man tsofaffin Citroën ma dabam ne. Lita ɗaya takan isa a wanke duka.

Cire tsohon

Tun daren jiya a goge notocin da buroshi a fesa musu man tsatsa. Kafin ka kwance komai, ɗauki hoton hanyar da bututun ya bi da wayarka, musamman inda suke da yawa a jere, wajen masta ko akwatin ABS, na'urar da ke hana taya kullewa idan an danne birki. Bututu biyu da aka musanya a wurin nan suna iya sa na'urar ta saki ƙafar da ba ita ta kulle ba.

Ga wata dabara da ke rage wahala: tura feda ƙasa kamar santimita 3 zuwa 5, ka tokare ta da sanda a jikin kujera. A haka robar masta ta rufe ramin da mai ke saukowa daga tanki, don haka ko ka buɗe bututu, tankin ba zai tsiyaye ba. Buɗe notin cire iska na ƙafar da za ka yi aiki kaɗan don matsin ya fita, ka rufe. Fitilun birki za su zauna a kunne, sai a cire fis ɗinsu ko kan batir.

Wanke rairayin da ke kewaye da mahaɗin kafin ka buɗe. Ƙwayar rairayi ɗaya a cikin silinda ta isa ta yaga roba. In iska na tashi da ƙura, a rufe duk bakin da aka buɗe da leda mai tsabta.

Riƙe ƙarfen tiyo da kile ɗaya, ka juya notin bututu da ɗayan. Ka fara ɗan ɗaurewa kaɗan kafin ka kwance, yana karya tsatsa. Lura da bututun kansa: in yana juyawa tare da noti, sun manne, ci gaba zai murɗe shi. In dama canza shi za ka yi, kada ka wahalar da kanka, yanke shi dab da noti, ka sa kile mai zobe cikakke a kai. Wuta kuwa a bar ta. Bututun fetur yana bin hanya ɗaya da na birki a yawancin motoci, tiyon da aka gasa kuma yana iya fashewa a fuskar mutum.

Fitar da tsohon ba tare da ka miƙe lanƙwasarsa ba, shi ne ma'auninka. Inda mai ya ɗiga a fenti a zuba ruwa nan take.

Yin leɓe

A nan aikin yake. Sauran duk kwancewa da ɗaurewa ne, amma leɓen nan shi kaɗai ke tsare mai, ba roba, ba gam, ƙarfe ne a kan ƙarfe.

Auna tsawo da igiya, kana bin kowace lanƙwasa ta tsohon, ka ƙara kamar santimita 2. Yanka da abin yanka bututu, kana ƙara matsi kaɗan-kaɗan a kowane zagaye. In ka matsa da yawa lokaci guda, bakin zai lotsa ciki. In zarto kawai gare ka, to sai ka daidaita bakin da magagari har ya miƙe sak, don karkataccen yanka karkataccen leɓe yake bayarwa. Kankare ƙarfen da ya tashi a cikin ramin, ka ɗan zagaye gefen waje da magagari, bakin yana kallon ƙasa don garin ƙarfe ya zube waje, sannan ka hura. In bututun mai rufin roba ne, fere rufin daidai inda na'ura za ta kama.

Sa noti yanzu, haƙoransa suna kallon bakin bututu. Duba shi sau biyu, don in an yi leɓe babu noti, sai an yanke an sake.

Sa bututun a ramin na'urar da ya dace da kaurinsa. Yawan abin da zai fito sama ba da ido ake ƙiyasta shi ba: ɗan ƙarfen na'urar da ake ɗorawa a bakin bututu yana da kafaɗa, a kwantar da shi a gefe, bututun ya fito daidai tsayin kafaɗar. Ɗaure na'urar tamau, ka fara da notin da ya fi kusa da bututu, in ba haka ba zai zame ƙasa idan an matsa. Ɗiga man birki a baki, ba man inji ba. Sa ɗan ƙarfen, tsininsa a cikin rami, ka matsa har ya zauna a jikin na'urar. Ka cire shi za ka ga bakin ya kumbura. Ga motar Japan, sai ka sake matsawa da tsinin na'urar kai tsaye, kumburin ya ninku ciki ya buɗe. Kada ka matse shi har ya zama fallen takarda, bar masa ɗan nama, noti ne zai ƙarasa zaunar da shi. Ga motar Turai ana tsayawa a kumburin, amma na ainihi bayansa a shafe yake, don haka yana son bututun ya zauna a shafaffen gefen na'urar ko a yi shi da na'urarsa ta musamman.

Kai shi rana ka duba da kyau. Leɓe mai kyau kewayayye ne, kaurinsa ɗaya ko'ina, ramin yana tsakiya, ba tsaga ko ta gashi. Ya karkace ko ya tsage, yanke ka sake, shi ya sa aka bar rarar tsawo. Leɓe mai falle ɗaya, wanda aka buɗa da tsini kawai ba a ninka ba, na bututun gas ne, a birki tsagewa yake. Wanda bai taɓa yi ba ya gwada a guntaye har hannunsa ya faɗa kafin ya taɓa na mota.

In wuri ɗaya ne ya lalace a dogon bututu, sauran kuma lafiyayye, ana iya yanke wurin a yi ƙari, amma da mahaɗin birki na gaskiya, kowane gefe da leɓensa da notinsa, a kan ƙarfe mai tsabta.

Lanƙwasa da ɗaurawa

Ɗora sabon a kan tsohon ka bi shi, kana ɗaure su tare da salatif yayin da kake tafiya. Lanƙwasa a jikin wani abu mai kewaye, ba a kan kaifi ba. Inda ya karye ya lotsa, ya lalace, miƙe shi ba ya mayar da shi. Kada lanƙwasa ta zo dab da leɓe har noti ya kasa ja da baya.

A mayar da shi cikin kowane maƙali. Wanda ya karye a sa wani, da roba tsakanin bututu da shasi. Ya yi nesa da salansa da duk abin da ke motsi, kuma kada ya zama shi ne mafi ƙasa a cikin mota, inda tudun tsakiyar hanyar rairayi zai fara samu. Ka tuna motar tana sama ne ba lodi. Idan ta sauka aka ɗora buhuna, tazarar da kake gani a baya za ta ragu.

Fara ɗaura noti da yatsu, zagaye uku ko huɗu, kafin kile ya taɓa shi. In ya ƙi shiga da hannu, bututun ne bai miƙe da ramin ba, gyara shi. Ɗaurin ƙarshe ba na ƙarfi ba ne, wajen Nm 15 ne a yawancin ƙananan motoci, wato abin da gajeren kile ke bayarwa da hannu ɗaya. Kada a naɗa farin zaren masu famfo a haƙora, ba nan ne ke tsare mai ba.

Tiyo kuma a fara ɗaura gefen kalifa. In mai noti ne da rami a tsakiya, zobban jan ƙarfe biyu ne, ɗaya sama ɗaya ƙasa, kuma sababbi. Jikin tiyo yana da layi ko rubutu a tsaye, bi shi da ido ka tabbata bai murɗe ba. Kada a bar kalifa tana reto a jikinsa, kada kuma a matse shi da filaya don tsayar da mai, haka ake jawo cutar da na faɗa a sama.

Cire iska

Cire sandar, ka cika tanki. Mutum biyu ake so, ɗaya a kujera, ɗaya a ƙasa. Sa siririn tiyo a bakin notin cire iska, ɗaya bakin a cikin kwalba mai ɗan mai. A motar da ta tsufa, sa guntun katako a ƙarƙashin feda don kada ta kai ƙasa. Can ƙarshen masta akwai datti da tsatsar da robar ba ta saba bi ba, sau da yawa nan ake kashe masta mai lafiya.

Ana farawa da ƙafar da ta fi nisa da masta. A motarmu mai sitiyari a hagu, galibi baya dama, baya hagu, gaba dama, gaba hagu, sai dai in littafin motar ya faɗi wani tsari. Maganar da ke tsakanin mutum biyun ita ce rabin aikin:

"Buga uku, a hankali. Danne."

"Na danne, maigida."

Sai a buɗe noti kwata, mai da kumfa su fito, feda ta sauka, a rufe.

"Saki."

Na kujera ba ya ɗaga ƙafa sai ya ji wannan kalmar, in ya riga, iska ta koma. A maimaita har mai ya fito garau ba kumfa. Bayan kowane bugu biyar ko shida a leƙa tanki, in ya ƙafe an koma farko. Man da ya fito ba ya komawa tanki, kuma kwalbar a kawar da ita daga inda yara suke, guba ne.

Masu Hilux, Hiace da Land Cruiser na da, akwai wani bawul a baya, mai sanda da ta sauka zuwa aksil, wanda ke ƙara wa ƙafafun baya birki gwargwadon lodi. Yana da nasa notin cire iska, a yi shi a ƙarshe. Mantawa da shi na sa a yini ana bugu feda ba ta tashi. Mota mai ABS kuma, in iska ta shiga akwatin, wasu sai an sa musu kwamfutar gwaji ta buɗe bawulolin ciki.

In an gama feda ba ta yi daidai ba

Goge kowane mahaɗi ya bushe, ka tayar da inji, ka danne da duk ƙarfinka rabin minti, ka shiga ƙasa ka shafa da farar takarda. In wuri ya jiƙe, sassauta ka sake ɗaurewa sau ɗaya, leɓe yakan zauna a karo na biyu. Bai daina ba, leɓen ne ko an haɗa iri biyu, ƙarin ɗauri zai fasa shi ne kawai.

Feda mai laushi da ke tauri idan an buga sau biyu, iska ce ta rage. Mai tauri amma sai ta yi nisa kafin ta kama, yawanci takalman gangar baya ne ke son a matso da su. In an cire kalifa biyu, duba notin cire iska yana sama. In an musanya dama da hagu zai koma ƙasa, iskar kuwa ba za ta taɓa fita ba.

Gwajin farko a fili, da gudun da bai wuce tafiyar ƙafa ba, hannu a kan birkin hannu. Sannan a ƙara gudu kaɗan a wurin da ba mutane, a taka da ƙarfi a ga ko tana ja gefe. A dawo a taɓa kusa da kowace ƙafa a ji zafinsu, a sake duba mahaɗai da tanki, a kuma dubawa bayan kwana biyu.

In kuwa a hanya bututu ya fashe maka, birkin mota layi biyu ne, ɗayan yana nan. Feda za ta tafi ƙasa sosai amma akwai saura a can ƙarshe, don haka kada ka ɗaga ƙafa, ka sauko da giya, ka ja birkin hannu a hankali yatsanka a kan maɓallinsa. Direbobin daji sukan ninke fasasshen bututun su daddale shi da guduma don mai ya tsaya. Yana iya fitar da kai daga inda ba kowa, a hankali, zuwa gari na farko, amma motar ƙafa uku ce ko biyu ke tsayar da ita, tana kuma fizga gefe, ba a ɗaukar fasinja a haka. Ruwan sabulu da wasu ke zubawa a tanki yana tafasa a digiri 100 kuma yana sa tsatsa daga ciki. Man inji ko na giya ya fi shi ɓarna: yana kumbura duk robar da ya taɓa, sai an canza ta masta, ta kalifa, ta silinda da tiyo gaba ɗaya. Gwangwanin DOT 4 a rufe, kile na bututu da filaya ba sa cin wuri a ƙarƙashin kujera, mai tafiya Gure ko Tanut ya sa su cikin kayansa.